Faɗin Makara

Malam Ishiyaku ne ke kula da maƙabartar Kafin Barau tun gemunsa yana baƙi. Garin yana can ƙasar Gwaram, in ka wuce Dingaya ka doshi daji. Ba wanda ya ɗora masa aikin, gado ya yi. In an yi rasuwa ƙofarsa ake fara bugawa, shi ke nuna inda za a sari ƙasa, kuma a zaurensa makara take jingine. Mutum ne mai kafiya. In ya ce a'a, sai dai ka gaji ka tafi.

Ɗansa na fari, Hambali, soja ne. Saboda kunyar ɗan fari Malam bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai", ko "yaron nan". Ranar da yaron ya ce zai shiga soja, uwarsa Kulu ta daina cin abinci. Malam ne ya lallashe ta. Ya ce ai ba duk soja ke yaƙi ba, akwai na gini, su ake ce wa injiniyoyi, aikinsu gada da hanya da haƙa rami.

"Katafila zai tuƙa, Kulu. Bindigar ma ado ce."

Ta koma cin abinci. Amma ba yarda ta yi ba.

Wata damina ruwa ya cinye gadar da ke haɗa garin da hanyar Birnin Kudu. Babbar mota ta daina shigowa, sai babur, shi ma sai an ɗaga shi a tsallaka. Da ruwa ya ja baya aka turo sojojin gini, Hambali yana ciki da igiyar kofur a hannunsa. Suka kafa tanti a filin firamare. Kullum da yamma zai shigo gida, wandonsa duk siminti, ya zauna bakin ɗakin uwarsa ya ci tuwo. Lokacin Kulu tana kwance, tari ya cinye ta, sai ƙashi da ido.

Ana cikin aikin gada labari ya fara zuwa daga ƙauyukan bakin daji. 'Yan bindiga a kan babura, suna ƙone rumbuna, suna kore shanu, wanda ya tsaya su harbe. Mutane suka fara shigowa Kafin Barau da tabarmi a ka. Sojojin yaƙi suna nesa, ga gada a karye. Shugaban masu ginin, Kyaftin Abdulsalami, ya tara dattawa a ƙofar gidan dagaci ya ce an ajiye aikin gada. Za a zagaye garin da rami mai zurfi, wanda babur ba zai tsallaka ba. Ƙofa ɗaya za a bari, ta arewa wajen kasuwa, inda suke da buhunan yashi da babbar bindiga.

Hambali ne ke haƙar. Tun safe ake jin kukan katafila, ƙasa ja tana taruwa kamar tsauni. Ranar da ramin ya iso gabas, Kyaftin ya tafi Birnin Kudu neman dizal, don man ya kusa ƙarewa. A gabas ɗin nan kuwa hanyar maƙabarta take.

Malam Ishiyaku ya fito da sandarsa ya tsaya a tsakiyar hanyar, daidai ƙarƙashin hannun katafilar.

Hambali ya kashe inji ya sauko ya durƙusa. "Baba, lafiya?"

"Nan ba za a haƙa ba."

"Baba, umarni ne. Rami in yana da baki ai ba rami ba ne."

"To gawa ta ina za ta bi?"

"Ta arewa, a zagayo."

"Ta cikin kasuwa? A ratsa mahauta da masu ƙosai da mamaci a ka? Kai ka taɓa ɗaukar makara a rana ka zagaye gari? Kakanka ta nan ya bi. Uban kakanka ta nan ya bi."

"Sai mu sa katako a kai, in an wuce a janye."

"Mutum huɗu a kan katako, makara tana karkata? In ta zube fa? Kai za ka shiga rami ka ɗauko?"

Sauran sojojin sun tsaya da shebur a hannu suna kallo. Wani ya yi dariya ya ce, "Kofur, yau ka gamu da janar." Hambali bai ɗago ba. Ya ce a hankali, "Baba, mutanen nan ba sa wasa. Na ga abin da suke yi a gabashin ƙasar nan. Don Allah ka bar ni in yi aikina."

A nan ne Malam ya faɗi maganar da ta gama komai. Ya nuna gidansu da sanda.

"Uwarka tana kwance, ka ganta da idonka. Yau ko gobe ne. So kake a tsallaka da ita rami kamar buhun gero? To haƙa. Amma ka sani ban yafe ba."

Hambali ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce, "Nawa za a bari?"

Malam ya buɗe hannuwa, ya ƙara taku ɗaya gefe. Faɗin makara da masu ɗaukarta. Ya san awon nan fiye da awon rigarsa. Hambali ya hau, ya ɗaga hannun katafila, ya tsallake wurin, ya ci gaba da haƙa daga can gaba.

Malam ya koma gida yana jin ya yi abin kirki. Bai gaya wa Kulu ba.

Da Kyaftin ya dawo da yamma, dizal ɗin ma bai samu ba sai alƙawari. Ya zagaya ramin, ya zo ya ga gurbin. An ji faɗansa har masallaci. Ya zo zauren Malam da kansa, ya cire hula ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ka buɗe mana ƙofar da ba mu da mutanen tsare ta. Mu magina ne. Duk cikinmu waɗanda suka taɓa harbin mutum ba su kai yatsun hannu ba."

"Allah ne ke tsarewa," in ji Malam.

"Haka ne, Baba. Mai yana zuwa zan rufe ta, ko ranka ya so ko bai so ba."

Ya sa aka jera buhunan yashi a gurbin, aka ja ƙaya aka tare. Ya dubi Hambali ya ce tun da shi ya bar ƙofa, shi zai tsare ta, shi da mutum biyar. Katafila kuma aka ajiye ta a gindin tsamiya kusa da wurin, da ɗan man da ya rage a cikinta.

Man bai zo ba. 'Yan bindigar suka riga shi zuwa.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Malam yana maƙabarta yana cire ciyawa a kan wani kabari da ruwa ya zaftare. Ya ji ƙugi daga cikin dawa, ya ɗauka iska ce. Sai ya ga kawunan dawa suna kwanciya layi-layi.

"Baba! Baba, shigo!"

Hambali ne a kan buhunan yashi yana ɗaga hannu. Malam ya yar da fartanya ya sheƙa, gudun da rabonsa da yi tun yana saurayi. Ɗan ya ja ƙaya gefe, ya fizgo shi ciki, ya tura shi bayan katangar masallacin unguwa. "Kwanta a nan. Kada ka ɗaga kai."

Ya ɗaga. Ta wata ɓarakar katanga ya ga komai.

Baburan sun fito da yawa, kowanne mutum biyu ko uku. Na gaba suka zo bakin rami suka ci burki, ɗaya ya kasa tsayawa ya afka. Suka rabu biyu suna bin gefen ramin suna neman hanya. Daga arewa babbar bindiga ta fara magana, waɗanda suka bi can suka juyo. Da ramin ya zagaye garin duka, da sun gaji sun koma. Malam ya san haka tun a lokacin, ba sai an gaya masa ba. Ya ga wani a kan babur ya miƙe tsaye yana nuna hanyar maƙabarta yana ihu. Duk suka yo nan.

Mutum shida ne a gurbin. Ɗaya birkila ne, ɗaya mai walda, ɗaya kafinta da ya saba tsokanar Malam yana ce masa janar. Hannayen da suka saba da cokalin gini su ne a kan kunamar bindiga. Suka kwanta suna harbi. Ƙasa tana tashi daga buhunan, yashi yana tsiyaya. Kafintan ya ɗago zai canza wuri, ya koma ya zauna kamar wanda ya gaji, bai sake motsi ba. Kyaftin ya iso da gudu da wasu mutum kaɗan, sauran ba za su iya barin arewa ba, don duk matan kasuwa da yara can aka tara su.

Harbin sojojin ya fara yin tsinke-tsinke. Malam ya ji wani yana cewa, "Oga, harsashi ya kusa!" Maharan sun sauka daga babura, sun fake a bayan kaburbura, suna matsowa. Kaburburan da Malam ya gyara da hannunsa.

Sai ya ga Hambali ya ajiye bindiga ya tashi a sunkuye ya yi wajen tsamiya.

Katafila ta yi tari, ta mutu. Ta sake yi, ta kama. Ta taho a hankali, abin da ba ya sauri ko da ana binsa, tana niƙa ƙasa. Duk bindigogin waje suka koma kanta. Gilashin ya tarwatse. Ƙarfe yana ƙara kamar ana dukan kwano. Ba ta tsaya ba. Sojojin suka mirgina gefe, ta hau buhunan yashi ta shiga gurbin, ta juya gicciye, ta sauke hannunta ƙasa. Ta cika wurin tsaf, ko akuya ba za ta wuce ba.

Malam yana jira ƙofar ta buɗe yaron ya diro. Injin yana ta kuka. Ƙofa ba ta buɗe ba.

"Hambali!"

Malam shi kansa bai san muryarsa ce ba. Tun ranar suna bai furta sunan nan ba.

"Hambali! Sauko!"

Injin ya yi ta kuka har man ya ƙare, ya mutu da kansa.

Sojojin suka fake a bayan ƙarfen suka ci gaba da harbi ta ƙarƙashi. Maharan suka gwada, suka sake gwadawa, ba hanya. Kafin la'asar ta yi sanyi suka kwashi nasu suka koma cikin dawa. Ba su ƙona ko rumbu ɗaya ba. Ba mace ko yaro da ya ji ciwo a Kafin Barau.

Sojoji uku suka rasu. Biyu aka tsallaka da su gada aka kai Birnin Kudu. Hambali kuwa Malam ya roƙi Kyaftin a bar masa shi. Kyaftin ya yi waya ya yi waya, sannan ya dawo ya ce an yarda. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Malam ya so a ce Kyaftin ya zage shi, ko ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba.

Washegari da safe dizal ya iso a jarkoki a bayan babura. Aka zuba, wani soja ya share kujerar ya ja katafilar gefe, hanya ta buɗe.

Malam ya ɗauko makara daga zaurensa. Da aka fito da gawar, sai ga Kulu a tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. Matar da ta yi watanni ba ta taka tsakar gida ba. Mata sun riga sun gaya mata komai, har maganar da aka yi a gaban katafila.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi makarar, ta dubi mijinta.

"Malam, an ce don ni ka sa aka bar hanya."

Ya kasa ɗaga ido.

"To ga ni. Ban mutu ba."

Aka yi salla a ƙofar gida. Malam ya kama gaban makara, Kyaftin ya kama ɗaya gefen. Da suka zo gurbin, rami a dama, rami a hagu, mutum huɗu suka wuce da makara ba wanda ya goga kafaɗa da wani. Awon ya yi daidai.

Bayan an dawo, mutane suka zauna zaman gaisuwa a ƙofar gida, aka nemi Malam aka rasa. Yana gurbin, ya tuɓe riga, yana sara da diga. Ƙasar ta taurare, tayar ƙarfe ta danne ta, ga baƙin mai ya jiƙa ta. Kyaftin ya zo ya ce, "Baba, bari inji ya yi, yanzu zai gama." Malam ya ci gaba da sara. Samari suka kawo shebur za su taya shi, ya ɗaga musu diga. Suka ja baya.

Kwanaki ya yi yana haƙa, daga safe zuwa faɗuwar rana. Tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ranar da ramin dama ya haɗu da na hagu, ya fito da ƙyar, ya tsaya yana kallon tsallake. Sabon kabarin yana nan, ana hango shi, amma yanzu in zai je sai ya zagaya gari.

Ya shiga gida ya zauna a bakin ɗakin Kulu, inda yaron ke zama ya ci tuwo. Tana kwance ta juya fuska bango.

"Na rufe," ya ce.

Ta yi tari mai tsawo. Ya ɗauka ba za ta amsa ba.

"Ranar da tawa ta zo," ta ce, "ku bi da ni ta kasuwa."