Buhun Yashi a Bayan Keke

Talata. Zafin bazara, ba iska, rana ta fito da wuri.

…kuma dai gwiwar hagu ce. Kullum ita. Malam Hambali ya fito ta Ƙofar Na'isa, ya miƙi titin Zariya, yana taka feda gwiwa tana ƙorafi. Ta yi ta yi. Shekara sittin da uku, me take so a ce mata?

Kura da dawowa, awa huɗu. Haka likita Zaituna ta yanke, ita da ta shirya tafiyar. Ranar Asabar za a gwada kowa. Wanda ya wuce awa huɗu ba zai hau keke zuwa Zariya ba, sai dai ya bi su a mota yana miƙa ruwa. Shi? Shi da ya shekara talatin yana ɗauko baƙin rini daga Kura zuwa Kasuwar Kurmi a kan wannan Ralin? Jiya awa biyar saura kwata ya yi. Shekaranjiya biyar cif. Saura kwana huɗu.

Wai duk mil ɗin da mutum ya taka, masu hali za su yi sadaka a kansa, a kai wa masu binciken maganin ciwon— ciwon nan. Bincike. Shi bai san bincike ba, aji uku ya yi aka cire shi. Amma ya san taka keke. Abin da yake da shi ke nan. Idan aka ce masa mota, to me ya rage?

Buhu yana baya, ɗaure a kariya da robar tsohon tiyub. Yashi ne. Dattijo ba ya hawa keke hannu rabbana a cikin gari, sai a ce ya fara taɓuwa. Ranar farko da ya fita ba kaya, Jibrin mai faci na bakin lungu ya ɗago kai: "Malam, ina zuwa haka fayau? Ko zance aka koma?" Majalisa ta kwashe da dariya. Washegari ya cika buhu ya ɗaure. Tun daga nan sai "Allah ya ba da kasuwa." Mai kaya ba a tambayarsa. Wata uku ke nan.

Rami. Birki. A hankali…

"Malam, a hankali, ba rini ka ɗauko ba." Uwani, matarsa, tana riƙe da rigarsa ta baya. Kwanakin da aka hana fita, bayan Juma'ar nan da bama-bamai suka tashi — ba mota, ba babur, titi fayau har tsoro. Ya ninka bargo ya ɗora mata a kariya, katin asibiti a hannunsa yana ɗagawa duk inda aka tare su. Ita da a da sai ta cika ƙofar ɗaki. Bai ji ta a baya ba sai a gangara.

Daji ba ya son allura. Kowa ya faɗa, har shi. Wata tara ana jiƙo, ana shafi, ana turare. Likita Zaituna ta duba ta, ta ɗago ta dube shi, ba ta ce da kun zo da wuri ba. Gara ma ta faɗa. Shekara biyu yanzu… biyu da wata ɗaya.

Shinge. Ganguna, buhunan yashi jere har ƙugu. Kowa ya sauka ya tura abin hawansa, haka dokar take. Tsofaffin sojojin wurin sun san shi, hannu kawai suke ɗaga masa. Waɗannan sababbi ne. Yaushe aka canza su?

"Baba, tsaya nan. Me ke cikin buhu?"

Bakin bindiga ba a kansa yake ba, a kan buhun yake. Masu babura suna ja da baya, wata mai goyo ta tsallaka titi. A wannan zamani, buhu a bayan keke… wata uku, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Tunanin Jibrin mai faci kawai ya yi.

"Kwance shi da kanka. A hankali."

Robar ta ƙi. Yatsu sun ƙi. Ta saki. Ya zura hannu ya ɗebo, ya buɗe tafi.

Sojan ya dubi yashi, ya dubi tifofin da ke shigowa gari a cike. "Baba, kowa daga Tamburawa yake kawo yashi. Kai za ka mayar musu ne?"

Me zai ce? Gini? Wane gini? Ƙarya a gaban bindiga, da furfura. Takardar likita tana aljihu, ninki huɗu, gumi ya jiƙa ta. Ya miƙa.

"Atisaye nake. Zariya za mu, a keke. Saboda ciwon daji. Shi ya kashe matata."

Ga shi ya fita. Sunan da bai faɗa ba ko a zaman makoki — gajeriyar rashin lafiya, ya ce wa mutane, wata goma sha huɗu wai gajeriya — ya fita a bakin titi, gaban masu babur da mai rake. Kuma ba abin da ya faru. Tifa ta wuce. Mai rake ya ce Allah ya jiƙanta.

Sojan ya karanta har ƙasa, ya mayar da takardar hannu biyu. Ya rataya bindiga, ya sunkuya ya ɗaga buhun, ya yi nishi.

"Kai, Baba. Wannan ai ya kai mutum. Bar mana shi, ga gurbi a shingenmu. Gobe wani ba zai tsaya tambaya ba."

Ya kai mutum.

Ranar da ya cika shi a tsakar gida. Ya zuba, ya ɗaga, ya yi yawa, ya rage. Ya ɗaga, ya yi kaɗan, ya ƙara kwano biyu. Har hannu ya ce ya isa. Ya isa me? Don idon Jibrin, ai buhun ƙaiƙayi ma ya wadatar. Hannun nan, wa yake aunawa?

Ya hau. Keke ya zabura kamar ba nasa ba, baya yana rawa, ba mai riƙe shi. Tamburawa. Gada. Rami — yatsu sun tafi birki da kansu. Don wa? Wata uku yana lallaɓa yashi. Yana kauce wa kowane rami, yana sauka a kowane tudun titi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ashe ba gwiwa ba ce. Ita ma gwiwar an ɗora mata laifin da ba nata ba.

Kura, ruwa kofi biyu, juyowa. Shinge kuma. Ga buhunsa can, na uku daga sama, da ɗinkin jan zare a bakinsa. Zaren Uwani. Bai tsaya ba. Ya so ya tsaya.

Ƙofar Na'isa. Agogo ya ce awa uku da minti arba'in, har da tsayuwar. Ya sake dubawa. Ya kara a kunne. Yana tafiya.

To. Asabar ke nan. Zariya ke nan, in Allah ya yarda. Ya kamata ya ji daɗi, kuma yana ji, yana ji… sai dai bayan nan. Bayan nan ba kowa.

Washegari da hantsi ya fito da keke daga zaure. Ya daɗe yana duban kariya. Akwai wani buhu a bayan ƙofa, akwai yashi a tsakar gida. Ya naɗe robar ya sa a aljihu.

"Malam, yau ba kaya?" in ji Jibrin.

"Na sauke."

Ramin bakin lungu ya taho. Yatsu suka tafi birki, suka tsaya a kansa. Bai matsa ba.