Tsinken Ashana a Soket

Tun ranar da na sauka a gidan Yaya idona yake kan soket ɗin falo. Ƙasa-ƙasa yake, daidai fuskar ɗiyarta Kumatu, wadda ta fara rarrafe. Filogin fanka ya fashe tuntuni, sai mijin Yaya ya fere wayoyin biyu ya cusa a ramukan, ya tokare kowacce da tsinken ashana.

Sau ɗaya na yi magana, ita ma ciki-ciki.

"Injiniya ta fara!" in ji shi yana dariya. "Tun kafin in auri yayarki nake haɗa wuta haka. Kin ga na mutu?"

"Rabu da shi, Auta," in ji Yaya. "Amma ke ma ko inuwarki tsoro take ba ki."

Wataƙila ma gaskiyarsu ce.

Washegari da rana aka ɗauke wuta. Zafi ya kora su baranda, ni ina ninke kaya a falo, Kumatu tana yawonta a ƙasa. Da na ɗago kai sai na hango ta zaune gaban soket ɗin. Ta zare tsinke ɗaya, waya ta sulluɓo rabi, tana lailaya tsirarar ƙarfen da yatsunta jiƙe da miyau.

Ai babu wuta, na ce a raina. In na yi ihu dariya za su sake yi mini. Na ajiye rigar hannuna, na lallaɓa na sunkuce ta.

Ban gama miƙewa ba firij ya yi gurnani a kicin. Wayar ta yi tartsatsi, tas! Ƙauri ya tashi.

"An kawo wuta!" Mijin Yaya ya shigo da murnarsa. "Wa ya taɓa mini fanka?" Ya durƙusa yana laluben ashana a aljihu.

"Kar ka mayar da ita!"

Ni kaina ban san ina da murya haka ba. Na buɗe hannun Kumatu, ga tsinken a jiƙe. Yaya da ta biyo shi ciki ta dubi tsinken, ta dubi baƙin tabon da ke jikin soket ɗin, ta karɓe yarinyar tana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"To ai ba abin da ya same ta," in ji mijinta, amma a hankali.

Ya kashe makunnin, ya zare ɗaya wayar, ya nannaɗe igiyar a wuyan fanka. Muka zauna cikin zafi, ga wuta.