Barandar Inna Tasalla

Baƙaƙen tabo suka cika bangon ɗakin, kamar an watsa masa ruwan toka. Ɗakin kuwa ko bulo ɗaya ba a aza ba. A cikin kwamfutar Haladu kaɗai yake.

Tun da ya gama sakandare yake aiki a wani shagon buga katin biki a Kazaure, can ya koya wa kansa zana gini a kwamfuta, yadda mutum zai ga ɗakinsa har da fenti kafin a haƙa rami. Kwana uku tabon yana ba shi wuya. A na huɗu ya gano bango biyu ya ɗora wuri guda, manhajar zanen ta rasa wanda za ta nuna. Ya goge ɗaya, bango ya fito fes. Sai ya kama ranar cikin hoton ya kai ta bayan ɗakin, inuwa mai taushi ta sauka a baranda. Ya daɗe yana kallo. Bai nuna wa kowa ba.

Ɗakin na kakarsa ne, Inna Tasalla, wadda nata ya faɗi da damina. Ranar Juma'a ya hau mota zuwa Gwiwa. Ya tarar kawunsa Mamuda, magini, ya riga ya kafa turaku ya ja igiya. Gobe da safe za a haƙa harsashi, ƙofa tana kallon yamma.

Tsohuwa na zaune a gindin garu tana ɓare gyaɗa.

"Ango ka iso? Ina ɗakin da ka yi mini alkawari, ko a aljihu ka sako shi?"

"Ga shi, amarya. Ki wanke hannu tukuna."

Ya ɗora kwamfutar a kan turmin da aka kife. Kawu Mamuda ya sunkuya.

"Tubarkalla! Kai, sai ka ce gidan kwamishina."

Inna ba ta yi tubarkalla ba. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Wane lokaci ne a nan ciki?"

"La'asar, Inna."

"La'asar ɗin wane gari?"

Haladu ya sake duban hoton.

"Ƙofa na kallon yamma, rana kuma tana bayan ɗaki da la'asar? Shekarata sittin ina jan tabarma a gidan nan. Ban taɓa ganin ranar nan ba."

"Inna, hoto ne fa," in ji Kawu. "Ado ne. Kowa yamma yake kai ƙofa, saboda ruwan gabas."

"Ruwa wata huɗu ne, Mamuda. Ni kuwa kullum a barandar nan zan wuni. Ƙafar ba ta kai ni ko'ina yanzu."

Haladu ya jawo kwamfutar. Akwai wurin da ake saka matsayin gari da wata da awa, manhajar ta ajiye rana inda take tsayawa da gaske. Ya san da shi. Ya tsallake shi ne don inuwar da ya zaɓa ta fi kyau. Ya duba waya ya saka lambobin Gwiwa, watan Afrilu, ƙarfe huɗu.

Hoton ya fara fitowa ɗigo-ɗigo, fanka na kuka a cikin kwamfutar. Da ya washe, baranda ta zama fara fat. Rana ta ratsa ƙarƙashin kwano, ta haye dakali, ta shiga ƙofa har tsakiyar ɗaki.

"Yauwa," in ji Inna. "Wannan na san ta. Ita ce mai narka mini man shanu."

Kawu ya cire hula ya sosa kai. "To gabas dai ba zai yiwu ba."

Haladu ya juya ɗakin gaba ɗaya ya kalli kudu, ya sake jira. Inuwa ta rufe barandar, rana ta tsaya a gefe guda tana lasar ginshiƙi.

"Kudu?" in ji Kawu. "Turken awakin fa? Sai na tuge shi, na sake jan igiya!"

"Awakin ne suka haife ka?" in ji Inna, ba ta ko dube shi ba. Ta taɓa gwiwar Haladu. "Ango, kai ni lokacin sanyi. Da hantsi."

Ya mayar da watan Disamba, ƙarfe tara. Haske ya kwanto daga kudu maso gabas, ya zauna a kan dakalin, daidai faɗin tabarma ɗaya.

Inna ta ƙura wa hoton ido. Hannunta ya daina ɓare gyaɗar.

"Bar shi nan. Kar ka taɓa."

Kawu Mamuda ya miƙe yana gunaguni, ya kama turken farko na igiyar ya girgiza shi. Haladu ya ajiye hoton, ya karkata fuskar kwamfutar yadda za ta fi gani, sannan ya tashi ya je ya kama ɗayan bakin igiyar.