Gurbi a Sahu na Biyu

Ranar da asirin Yaya Pan ya tonu, Malama Gong ko kunna lasifika ba ta yi ba. Ta dai jawo ta a kan tayoyinta tun daga gida har dandalin bakin kogi kamar kullum, ta jingine ta jikin bishiya, ta riƙe ƙugu tana kallon matan nan talatin da biyu da take koya wa rawa kowace safiya a nan birnin Luzhou na ƙasar Sin.

"Akwai munafuka a cikinmu," ta ce. "Kuma yau sai ta bar dandalin nan."

Ga abin da ya faru. Gasar rawa ta gunduma ta matso, masu shiryawa suka ce kowace mai shiga ta cika takarda: suna, lambar katin ɗan ƙasa, lambar waya, lambar ɗan'uwan da za a kira in wani abu ya faru, da kuma ciwon da ke damun mutum, don kada wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi a gaban alƙalai. Yaya Pan ba ta iya ƙarya ba ko a takarda, sai ta rubuta gaskiya, cewa a bazarar da ta wuce an cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Wata bakwai tana ɓoye wa ɗanta tilo da ke aiki a Shenzhen, don matarsa na da ciki, ba ta son ta ɗaga musu hankali. Sai ga wani ƙato ya kira ɗan a waya, da murya mai daɗi kamar ta likita, wai yana da maganin gargajiya na musamman don mahaifiyarsa Pan Meifen, wadda aka yi wa aiki a watan huɗu. Daga bakin ɗan damfara yaron nan ya ji! Ya kira uwarsa yana kuka yana faɗa, yana cewa ashe ba ta ɗauke shi ɗa ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Mai ciwon suga an kira ta, mai ciwon gwiwa an kira ta, kowa da sunanta da ciwonta. Yaya Pan kuwa tana zaune a kan benci, idonta ya kumbura, jan maficinta na alharini a cinya ko buɗe shi ba ta yi ba.

Malama Gong ba ta sha wahalar bincike ba, ita da ma ba ta taɓa shan wahalar bincike a kan komai ba. Wa ya tattara takardun? Miao Chunhua. A gidan wa suka kwana biyu? Gidan Chunhua. To me ya rage?

Chunhua 'yar ƙauye ce, ta zo birni bara don renon jikanta. A dandalin nan sahu shi ne komai. Sabuwar zuwa tana farawa daga sahun baya, can kusa da kwandon shara inda ba a jin kiɗa sosai, ta yi shekara tana leƙen ƙafafun na gabanta. Amma Chunhua, da ƙafar nan tata ta mai noman shinkafa, cikin wata shida ta hau sahu na biyu, har ta tsallake matan da suka yi shekara biyar suna murɗa ƙugu. Akwai masu jin haushin wannan, kuma ranar nan duk suka sami baki.

"Nawa aka ba ki?" in ji Malama Gong.

"Malama, wane irin nawa?"

"Ke, kada ki raina mini hankali. Takardun mutane kika sayar kamar kabeji!"

"Haba Malama! Ni da ko karatu ban cika iyawa ba? Kuma ni ina na san lambar ɗan Yaya Pan? Ko sunansa ban sani ba."

"Ji ta, har da gardama! Kawo maficin."

Maficin ƙungiya ne, Malama Gong ce ke ba da shi ranar da mace ta bar sahun baya. Chunhua ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka sha cin tsamin kabejinta da take kawo musu a kwalba, babu wadda ta ɗaga kai. Ta miƙa maficin da hannu biyu. Kafin ta kai bakin titi Malama Gong ta cire ta daga zauren ƙungiya na waya, sannan ta kunna kiɗa ta ce a matso a rufe gurbin.

Labari kuwa bai kwana ba. Zuwa yamma masu kayan miya a kasuwar unguwa sun san cewa tsohuwar nan ta hawa na shida ɓarauniyar takardu ce.

Ranar Lahadi 'yar Malama Gong, Yanling, ta zo cin abincin rana. Ta ci taliya da yaji har tana share hanci, uwar na gefe tana ba ta labarin yadda ta kama munafuka, tana ƙara gishiri. Da aka gama Yanling ta buɗe tsohuwar kwamfutar da ta bar wa uwar, don ta sayi tikitin jirgin ƙasa. Sai ta tsaya cak.

"Mama, mene ne wannan jan abin a saman burauza?"

"Kada ki taɓa! Jan maɓallina ne."

Da alfahari ta faɗa, don jan maɓallin nan shi ne sirrin sarautarta. Sabuwar rawa a bidiyo take fitowa, ita kuwa lasifika bidiyo bai dame ta ba, sauti take so a katin memori. Da can sai Malama Gong ta kara waya a bakin kwamfuta ta naɗa, kiɗan ya fito da ƙarar fanka da tarin maigida. Bara ta ga talla a ƙarƙashin wani bidiyo, 'yar manhaja ce da ake liƙa wa burauza, wato abin buɗe shafukan intanet, kyauta, ka latsa sau ɗaya ta zare maka sautin tas. Tun daga nan ƙungiyarta ke riga kishiyarta, wadda ke rawa a ƙarƙashin gada, samun sabon kiɗa da mako guda.

"Da kika sa ta, ba ta tambaye ki komai ba?"

"Ta tambaya mana. Na ce eh. Duk abin da ya tambaya eh nake cewa, in ba haka ba ai ba ya aiki."

Yanling ta latsa nan ta latsa can, ta juyo da fuskar kwamfutar. "Sa tabarau ki karanta abin da kika ce wa eh."

Malama Gong ta karanta a hankali. An ba manhajar izinin karantawa da canza duk bayanan da ke kowane shafin da aka buɗe.

"To sai me? Waƙa take ciro mini."

"Mama, mai ciro waƙa me ya haɗa ta da kowane shafi? Duk abin da kika rubuta a kwamfutar nan tana gani, har kalmar sirrinki. Dubi nan, kowace rana tana aika kaya can wani wuri da ba mu sani ba. Kamar kin kira mai gyaran famfo ne kin ba shi makullin kowane ɗaki." Ta juyo ta dubi uwar. "Takardun gasar nan, wa ya shigar da su shafin gunduma?"

"Ni mana. Wa zai iya in ba ni ba?"

"A wannan kwamfutar?"

Malama Gong ta buɗe baki za ta yi faɗa, don faɗa ne abin da ke fara zuwa mata, sai wani abu ya faɗo mata a rai. Ta tashi ta jawo aljihun tebur, ta zaro takardun, ta lasa yatsa tana buɗawa har ta zo kan ta Pan Meifen. Wurin lambar ɗan'uwa fari fat. Yaya Pan da gangan ta bar shi, don kada kowa ya taɓa kiran ɗanta. Ranar da Malama Gong ke shigar da bayanan, shafin ya ƙi wucewa sai an cike wurin, ita kuma ta ja tsaki ta duba wayarta, inda lambar yaron take tun bikin aurensa, ta rubuta da hannunta. Lambar nan ba ta taɓa shiga gidan Chunhua ba. Matar ma ta faɗa, a gaban kowa, aka hana ta ƙarasawa.

Kai, ranar kwamfuta ta sha zagi. Malama Gong ta zagi wanda ya ƙera manhajar, ta zagi wanda ya sayi bayanan, ta zagi mai muryar likita har kakanninsa. Wane irin ɗan banza ne zai zauna ya yi wa tsofaffi tarko da waƙar rawa, ya leƙa ciwon da mace ta ɓoye a ƙarƙashin riga ya kai kasuwa? Ta ce a ba ta lambarsu, a nuna mata ofishinsu ta je da lasifika.

"Ba su da ofis, Mama. Sunan ma na bogi ne. Gobe su canza launi su dawo."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ga fushi cike da ciki, babu fuskar da za a sauke wa, ita kuwa fuskar Chunhua da ta samu ta sauke wa ran Talata ba ta ci ba ba ta sha ba.

Yanling ta cire manhajar, ta canza kalmomin sirri, ta rubuta ƙorafi ta tura. Tana sa takalmi ta ce, "Ba sai kin faɗa musu duka ba. Ki ce kawai an gano ba Chunhua ba ce." Malama Gong ta yi ta juya maganar, kuma gaskiya ta so ta, don shekara tara ba ta taɓa cewa ta yi kuskure a dandalin nan ba, ko na taku.

Litinin da safe ta kunna lasifika, amma maimakon kati sai ta jona makirufo. Masu motsa jiki da masu yawo da tsuntsu a keji duk suka juyo.

"Ni ce," ta ce, muryarta na dukan ginin da ke tsallaken titi tana dawowa. "Ni Gong Shulan, ta kwamfutata bayananku suka fita. Wata 'yar manhajar banza na sa don kiɗa, na ce mata eh ban karanta ba. Lambar ɗan Yaya Pan ni na rubuta ta, ba ta ba ni izini ba. Miao Chunhua ba ta yi komai ba. Masu kai labari kasuwa, ku ɗauki wannan ma ku kai, da irin saurin da kuka kai wancan!"

Yaya Pan ta dube ta ta daɗe, sannan ta ce, "Ni nawa ya riga ya faru, ɗana ma yana hanya. Ki je wurin waccan."

Malama Gong ta tafi, riƙe da maficin, ta hau bene shida tana haki. Surukar Chunhua ce ta buɗe ƙofa, yaro a kafaɗa, fuska ba yabo ba fallasa.

"Ta tafi tun Asabar. Mijina ya sa ta a mota."

"Ta tafi ina?"

"Ƙauye mana. Anti, ya za mu yi? Ko gidan renon yara na shiga nuna ni ake yi. An ce kada a bar ta ta ga takardar kowa."

A kan matakala Malama Gong ta kira Chunhua a waya. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, ana jin kukan agwagi a baya. Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Chunhua ta saurara har ƙarshe.

"A lasifika kika faɗa, Malama?"

"A lasifika."

"To na gode."

"Ki dawo. Ni zan yi wa ɗanki magana. Maficinki na hannuna, gasa saura kwana biyar."

"Sun riga sun ɗauki mai reno," in ji Chunhua. "Ki ba wata maficin. Nan ba a rawa." Sannan ta tambaya ko jikanta ya ci abinci, don ba ya karɓar cokali a hannun kowa sai nata.

Malama Gong ta zauna a kan matakala. Ba ta san amsar ba, kunya kuma ta hana ta komawa ta ƙwanƙwasa.

Ranar gasa suka shiga fili da jajayen riguna, sahu huɗu. Kowa ya san alƙalai na rage maki in sahu ya yi giɓi, don haka da aka jeru sai matar da ke gefe ta fara matsowa don ta rufe wurin, kamar yadda aka saba.

"Koma inda kike!" Malama Gong ta daka mata tsawa, har alƙali ɗaya ya ɗago kai. "Wurin nan da mai shi."

Ta sunkuya ta ajiye jan maficin a ƙasa, a sahu na biyu, na uku daga hagu, sannan ta ɗaga hannu aka saki kiɗa.