Bayanin da Kawu Ya Rubuta

Aikin Dogo a kamfanin shi ne tantancewa. Suna ƙera wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da suke kira ɗan aike, wadda za ta riƙa yi wa fasinjojin wani kamfanin motoci hidimar tikiti. Ɗan aiken ba ya ganin komai sai abin da aka rubuta masa. Kowane kayan aikin da zai yi amfani da shi a cikin manhajar, na sayen tikiti ne ko na sauya kujera, sai an ɗora masa gajeren bayani da zai nuna yaushe za a ɗauke shi, yaushe za a bar shi. Dogo ne yake karanta bayanan ya ce wannan ya yi, wannan a sake. An san shi da tsanani. Har tsokanarsa suke yi wai ko gaisuwa aka yi masa sai ya mayar a gyara.

Sai kawunsa ya shigo aikin. Tsohon malamin harshe ne da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, kuma a hannunsa Dogo ya tashi. Dogon ne ma ya yi masa hanya.

Aka ba Kawu kayan aiki biyu, na soke tikiti da na ɗaga ranar tafiya. Ya kawo rubutu mai daɗi kamar a karanta a rediyo. Na farko ya ce yana warware damuwar fasinjan da tafiyarsa ta gamu da cikas. Na biyu ya ce yana sauƙaƙa wa fasinjan da uzuri ya taso masa. Babu inda kalmar sokewa ta fito, domin a wajen Kawu kalma ce mai kaushi.

Dogo ya karanta, ya ga bai yi ba. Ya ɗaga kai ya hango Kawu a teburinsa, gilashi a karan hanci, yana jiran hukunci yana murmushi.

"Yaya, ɗana? Ya yi?"

"Ya yi, Kawu. Ai alƙalaminka bai tsufa ba."

Ya danna amincewa, da niyyar gyarawa a ɓoye daga baya. Ayyuka suka taso, ya manta.

Ranar gwaji, shugabar sashen ta tara kowa a ɗakin taro, ga kuma manajan kamfanin motocin ya zo gani da idonsa. Manajan ya rubuta wa ɗan aiken cewa tafiyarsa ta samu cikas, yana so a mayar masa da ita mako mai zuwa. Ɗan aiken ya amsa cikin ladabi cewa ya soke tikitin.

Shugabar ta buɗe bayanan biyu a babban allo, ta karanta su da ƙarfi. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya.

"Wa ya rubuta wannan waƙar?"

Kawu ya miƙe a hankali, ya cire gilashinsa. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ayya, Baba, zauna. Kai sabo ne. Wa ya tantance?"

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗaga hannu. Shugabar ta dube shi, ta dubi Kawu.

Da aka tashi, shi ya ɗauki Kawu a mota kamar kullum. Suka wuce shataletale, suka shiga cunkoso. Sai da suka tsaya a danja Kawu ya ce, yana kallon titi, "Ka san bai yi ba tun ranar?"

"Na sani, Kawu."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Nauyinka na ji."

"Ka ji nauyin gaya mini mu biyu, sai ka bari yara suka yi mini dariya a gaban baƙo."

Na bayansu ya danna hon, Dogo ya ja motar.

A ƙofar gida Kawu bai sauka ba. Ya jawo kwamfutarsa daga jaka ya ɗora a cinya. Matarsa ta leƙo daga taga tana tambayar ko lafiya, ya yi mata alama da hannu ta koma.

"Karanta jimlar farko," in ji shi. "Ka gaya mini abin da na'urar za ta fahimta."

Dogo ya karanta, ya mayar da idonsa kan sitiyari. "Ba za ta san cewa tikitin zai tafi gaba ɗaya ba. Dole a ce yana sokewa, kuma ba a dawo da shi. A kuma ce kada a taɓa shi idan rana kawai ake so a sauya."

"Ɗaga muryarka, ba na ji."

Dogo ya maimaita da ƙarfi. Kawu ya goge jimlar, ya fara bugawa da yatsa ɗaya.