Kowa Nasa Yana Aiki

Tun ranar da suka fara zuwa gidanmu na raina su, kuma har yau ban ga dalilin canja ra'ayi ba. Samari uku ne, 'yan ajin maigidana a jami'a. Shi da furfura a gemu ya koma karatu, bayan ya gaji da gyaran kwamfutocin ofishinsu yana kallon yaran da ya koya wa aiki suna hawa kansa saboda suna da takarda. Ofis ya ba shi hutun karatu, hutun kuma da wannan zangon zai ƙare. Darasi ɗaya ya rage masa, wanda ake haɗa ɗalibai rukuni-rukuni su ƙera manhaja tare. In ya ci, ya koma da digiri. In ya faɗi, ya koma teburinsa na bayan ƙofa, babu zagaye na biyu.

Falona suka mayar ofis, don mu ne masu intanet da fanka. Akwai wanda suke kira Shugaba, ko da yake ban taɓa jin wanda ya zaɓe shi ba. Aikinsa manna 'yan takardu masu ruwan ɗorawa a bangona, ya ɓare daga nan ya liƙa can, har fentin ya yi dabbare-dabbare. Shi ya kawo tsarin taro a tsaye, wai haka ake yi a manyan kamfanoni don kada a daɗe. Ga kujeru a bayansu, amma sai su tsaya cirko-cirko har shayinsu ya huce. Akwai Injiniya, wanda da bakinsa ya raɗa wa kansa sunan, ba ya cire abin kunne na jin kiɗa ko da gaishe ni zai yi. Sai Na-gobe, shi sunansa ya isa bayani.

Manhajar ta kama layin ganin likita ce a ƙaramin asibiti, don marar lafiya ya san lokacinsa tun daga gida. Suka raba aikin kamar masu rabon gado, kowa ya ja nasa ya juya baya. Shugaba ya ɗauki fuskar da mutane za su gani, Injiniya ya ɗauki ma'ajiyar bayanai, Na-gobe aka ba shi launi da tambari. Maigidana ya samu rajistar marasa lafiya, wato inda ake sa suna da ranar haihuwa da lambar waya. Ya ba abin nan ransa. Idan lamba ta gaza, manhajar ta ƙi karɓa. Idan mutum ya ce an haife shi baɗi, ta mayar masa da kayansa. Har ni ya sa na riƙa danna shirme don ya ga ko za ta kama ni.

Kowane taro sai ya ce, "Yara, mu haɗa mu gani tun da sauran lokaci."

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Injiniya, idonsa a kan allo. "Nawa yana aiki. In naka ma yana aiki, haɗawa ai kamar ƙiftawar ido ce."

"Nawa ma yana aiki," in ji Shugaba.

Na-gobe ya ce nasa ya kusa.

Gaskiyar maganar, Injiniya ƙyamar aikin kowa yake yi, ba ya son na wani ya raɓi nasa. Sauran biyun kuma tsoron haɗawar suke ji, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce wa maigidana, "Baban yara, kai ne babba, ka buga musu tebur mana." Ya ce, "Ajinmu ɗaya, ba ni na haife su ba." Na ji kamar in fasa kofin da ke hannuna.

Sai da safiyar ranar baje kolin aiki suka haɗa, bayan sun cinye min burodi. Allon ya cika da jan rubutu. Ashe maigidana rana yake fara rubutawa kafin wata, Injiniya kuma wata ne farko. Maigidana ya raba suna gida biyu, ma'ajiyar Injiniya gida ɗaya ta sani. Abin da kalma biyu za ta raba tun farkon zango, shi suka tsaya suna yi wa ihu a falona, Shugaba yana ta cewa a tsaya a yi taro.

"Ku ba ni lokaci kaɗan in daidaita," in ji maigidana.

"Baba, je ka yi wanka ka shirya," in ji Injiniya, yau har da cire abin kunne. "Bar min shi."

Ya tafi. Kafin ya fito cikin farar rigarsa da na goge, manhaja tana aiki tsaf. Ya riƙa sa wa Injiniya albarka. Na lura Na-gobe ya ƙura wa takalminsa ido, amma na ɗauka kunyar rashin aikinsa ce.

A babban ɗakin sashensu aka jera tebura, kowane rukuni da nasa, an bar iyalai su shigo kallo. Na tsaya a baya da 'yarmu ƙarama a hannu. Malamar darasin ta iso teburinsu, mace marar yawan magana, da tabarau a rataye a wuya. Shugaba ya buɗe baki kamar rediyo. Aka sa sunan marar lafiya, lokacin ganin likita ya fito, 'yan kallo suka tafa.

"Madalla," in ji Malama. "Yanzu kowa ya buɗe min ɓangarensa a cikin abin da kuka miƙa. Da shi zan ba kowa makinsa."

Shugaba ya nuna, Injiniya ya nuna har da ƙari. Na-gobe ma ya nuna tambarinsa, wani zane mai kama da tafarnuwa. Maigidana ya ja kujera ya zauna. Ya gangara ƙasa, ya dawo sama. Ya gyara zama ya sake gangarawa. Daga inda nake ina hango gumi yana jiƙa wuyan rigar. Babu aikinsa, ko layi ɗaya. Injiniya ya yanke shi gaba ɗaya, ya dasa wani akwati da ke haɗiye duk abin da aka zuba masa.

"Ina naka?" in ji Malama.

"Yana cikin kwamfutata, Malama."

"Ba kwamfutarka nake dubawa ba. Darasin na aiki tare ne, abin da aka haɗa shi ne aiki." Ta sa tabarau ta dubi samarin ɗaya bayan ɗaya. "Wani ne ya cire maka? Faɗa min. In haka ne, shi zai faɗi, ba kai ba."

Injiniya ya zama gunki. Shugaba mai bakin rediyo ya samu abin karantawa a silin. Na buɗe baki, maigidana ya juyo ya dube ni, irin kallon da yake yi min gaban baƙi.

"Bai dace da na sauran ba ne, Malama," ya ce.

Malama ta ce ta yi masa jaje, ba ta da abin da za ta sa wa maki, ta wuce tebur na gaba.

A baranda samarin suka same mu, suna ta tafa hannu da junansu. Injiniya ya ce, "Baba, wallahi lokaci ne ya ƙure," ya mayar da abin kunnensa. Shugaba ya miƙo min wayarsa yana washe baki.

"Anti, ɗauke mu hoton rukuni, na tarihi."

Na bar hannunsa a miƙe. Maigidana ya gyara wuyan rigarsa da ta jiƙe, ya je ya tsaya a gefen Na-gobe.

"Ɗauke mu mana," ya ce. "Yara ne."