Cediyar Ƙofa ta Uku

Da Injiniya Wirot ya baje taswira a zauren unguwa, ban tsaya kallon layukansa ja da kore ba. Abu ɗaya nake nema: ta ina mutane za su fito. Za a haɗa sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da tsohon a ƙasan titinmu, kuma kowa a Bangkok ya san wanda ƙofar tasha ta buɗe a gabansa ya warke.

"Ƙofa ta uku a nan za ta fito," in ji shi, ya ɗora biro. "Sai dai a sare cediyar nan."

Gaban shagon Pranom ne, mai sayar da shinkafa da kaza. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni shagona na taliyar agwagwa shi ne na biyar daga nata, kuma wanda ya fito daga rami da yunwa ba zai wuce shinkafa da kaza ya tako shago biyar neman taliyar agwagwa ba.

Ni na koya mata riƙe wuƙa. Miyar cittar da ake yabonta a kai, a bayana ta tsaya ta sace da ido. Amma tun muna yara haka take, in mangwaro ya faɗo a cinyarta yake faɗowa.

"Yaya Lamduan, kin ji?" Ta riƙo hannuna tana rawar jiki. "In Allah ya so har ma'aikata zan ɗauka!"

"Ki fara koyon dafa kazar tukuna," na ce. Ta yi dariya, wai wasa nake.

Kwana uku abinci bai shiga cikina ba. Baƙin ciki ne, ba na ɓoyewa.

Ran Litinin da sassafe, kafin a buɗe shaguna, na ɗaura wa cediyar ƙyalle mai launi uku, irin wanda ake ɗaura wa bishiya mai iskoki, na ajiye jan lemo da tsinkensa a gindinta, na kunna turare. Da rana na gaya wa Inna Samruai mai wanki, wadda magana ba ta kwana a bakinta, cewa wata mace mai koren zane ta zo min a mafarki tana kuka, wai za a rushe mata gida.

Kafin mako ya zagayo ƙyallaye sun kai ashirin. Masu neman lambar caca suka fara goga hoda a jikin itacen ko lamba za ta bayyana. Wani ɗan tasi ya ce ya ci, ya kawo wa bishiyar kan alade don godiya. Leburori suka ce ko za a kore su ba mai taɓa bishiyar da zarto. Aka zaga da takardar koke, ni na fara sa hannu, da manyan baƙaƙe.

Pranom ta rame. Na kai mata taliya har shago, na ce ta yi haƙuri, abin na iskoki ne. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Bayan wata biyu Injiniya Wirot ya dawo da sabuwar taswira.

"Mun ji kukanku," ya ce. "Cediya ta tsira. Ramin ba ya lanƙwasuwa, ƙofa kawai muka matsar gaba kaɗan. Shaguna biyar za su tashi, za a biya diyya."

Na ƙirga da yatsa a kan takardar. Na sake ƙirgawa. Matakalar tashar ta hau daidai inda tukunyata take. Ƙofar kuma ta juyo, tana kallon shago na farko da ya rage a tsaye, mai inuwar cediya a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ba za a iya mayar da ita inda take ba?"

Ya duba takardar koken, ya dube ni. "Inna, ba ke ce ta farko a nan ba?"

Pranom ta ratso mutane ta rungume ni. "Kada ki damu, Yaya. Ki dawo wajena, dama zan nemi mai yanka kaza. Wa ya fi ki iya wuƙa?"

Na leƙa fuskarta ko zan ga dariya, in samu abin riƙewa. Babu. Kukan gaske take yi min, kuma shi ne har yau ban yafe mata ba.